Alawar da Mama Ta Zubar

"Wa ya sake ajiye mini wannan tarkacen kusa da madarata?"

Mama ce tsaye gaban firiji, ta riƙo 'yar kwalbar insulin da yatsu biyu kamar ta tsinci mushen ɓera. Zuma, matar autanta, ta saki tsintsiya ta taho da sauri.

"Mama, don Allah ki yi haƙuri. In ya sha zafi lalacewa yake yi."

"Ya lalace mana! Gida ne nan ko asibiti? Mutum ya buɗe firiji neman ruwa, ya yi ido huɗu da allura!"

Yaya Babba, 'yar Mama ta fari, da ba ta rasa dalilin zuwa gidan duk ranar hutu, ta kwashe da dariya daga kan kujera. "Wai kuma Zuma yake kiranta! Mai ciwon suga a sa mata suna Zuma, ai Auta ya iya tsokana."

Zuma ta karɓi kwalbar ta sunkuyar da kai. Tun tana firamare take yi wa kanta allura, tsinin ya daina damunta tuntuni, amma bakin gidan nan kullum sabo yake zame mata. Auta ya san komai kafin ya aure ta. Shi ne ma ya koyi duba mata jini da 'yar na'urar gwaji, da hannuwansa na makaniki masu kaushi, yana yi yana mata barkwanci. Mama kuwa tun ranar farko ta yanke hukunci: an cuci ɗanta.

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne maganar kamfanin ɗinkin da Zuma ke aiki. Manaja ya sa ta cikin masu buƙata ta musamman, aka ba ta izinin tashi daga keke ta ci abinci ko ta yi allura ba sai an kaɗa ƙararrawa ba. Yaya Babba ta jiyo, kafin a ce mene ne ta kawo wa Mama da zafinsa.

Da safen nan Auta na ɗaure takalmi Mama ta tare shi. "To ka ji. Ba ni na faɗa ba, wurin aikinta ne suka ce nakasasshiya ce. Ka rabu da ita tun tana da sauran mutunci."

"Haba Mama! Filis, ki bar maganar nan."

"Ba zan bari ba! Na yi jinyar mahaifinka da ciwon nan har aka yanke masa ƙafa, har na rufe masa ido. Ba zan zauna in ga ka tsufa kana wankin miki ba. Ko ita ko ni a gidan nan!"

Auta ya fita idonsa jajur. Zuma na bayan ƙofa ta ji komai, har da kalmar nan ta nakasasshiya. A nan zuciya ta ɗebe ta, ta yi wautar da ba ta taɓa yi ba: ta rantse yau sai ta nuna musu ba ta da maraba da kowa.

Ta riga ta yi allurarta, shayi da biredi na jiranta, sai Mama ta jibge mata labulayen gidan duka da zannuwan gado. "Baƙi zan yi. Mai lafiya sai ta gama aiki take zama cin abinci." Da a ce jiya ce, da ta ce a bar ta ta karya tukuna. Yau kuwa sai ta ture kofin ta ja bokiti.

Ta wanke, ta ɗauraye, ta shanya, ta koma gugar tayil. Rana na ɗagowa hannunta ya fara rawa. Wani gumi mai sanyi ya karyo mata, falon ya soma juyawa. Ta gane sarai: suganta ne ya faɗi. Ta rarrafa wurin jakarta, inda alawa ba ta taɓa yankewa, ta zazzage. Babu ko ɗaya.

"Alawarki kike nema?" in ji Mama daga bakin kicin. "Na zubar a shara tun jiya. A gabanmu ki yi ta langaɓewa, a ɓoye kina tsotsar zaƙi!"

"Mama... suga... ko cokali ɗaya..."

"Ji kwaɗayi! Mahaifinsu ma haka ya riƙa roƙona, likita ya ce ko kusa kada in ba shi. Na kulle kabad, ga makullin nan a hannuna. Ba za ki mutu a ce ni na kashe ki ba."

"Ba iri... ɗaya ba ne..." Harshenta ya yi nauyi, maganar ta fito a tauye.

Yaya Babba ta taɓe baki. "Dirama ce kawai, Mama. Don an sa ta wanki."

Tsoro ya kama Zuma, tsoro na gaske, ga maganinta taku kaɗan amma an rufe shi da makulli. Da ƙyar yatsanta ya sami lambar Auta ta buɗe sifika. Abin da ta iya furtawa shi ne, "Ya faɗi."

Muryarsa ta cika falon tare da ƙarar guduma ta gareji. "Mama! Mama, kina kusa? Idonta biyu? Tana iya haɗiya? Ki dama suga a ruwa ki ba ta yanzu-yanzu!"

"Kai ma ka haukace? Suga ga mai ciwon suga?"

"Na Baba hawa yake yi, nata yanzu sauka ya yi! Allurar ce ta ja shi ƙasa, ba ta ci abinci ba! Wallahi Mama in kika tsaya gardama gawarta zan tarar!"

Mama ta dubi yarinyar. Leɓɓanta sun yi fari, kanta ya jingina da ƙafar kujera, idanun na lumshewa. Wannan ba dirama ba ce, ko Yaya Babba ta miƙe tsaye baki buɗe. Makullin ya suɓuce wa Mama har sau biyu kafin ya shiga. Ta dama, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen tayil, ta tallafo kan da ba ta taɓa shafawa ba tana ɗura mata kaɗan-kaɗan.

"Haɗiye, 'yar nan. Haɗiye don Allah!"

Ko da Auta ya faɗo gidan da baƙin mai har gwiwar hannu, Zuma na zaune tana cin biredi a hankali, Mama na gefe tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Ya zube gaban matarsa ya duba mata jini, sannan ya harare ta hawaye na zuba. "Me ya hana ki ci abinci?"

"Sori. So na yi a daina ce mini nakasasshiya."

Mama ta share hawaye ta ce, murya a dashe, "To ni ki fitar da ni daga duhu. Abin nan nakasa ce ko ba nakasa ba ce?"

"Mama, wani abu ne a jikina ya daina aiki, allura take yi masa. Ko wane suna aka ba shi, ba zai canja ba. Kamfani sun kira shi nakasa don su ba ni lokacin cin abinci, shi ya sa ban ji zafi ba. Ke da kika kira shi haka, don in bar gidan ne."

Mama ta kamo hannunta ta ce, "Ki yafe mini." Yaya Babba kuwa ta ɗauki jakarta ta sulale, ko sallama babu.

Ba a rana ɗaya Mama ta daina faɗa ba, mai hali ai sai a hankali. Amma washegari ta kwashe madararta ta bar wa kwalaben bene guda a firiji, kuma maganar rabuwa ba ta sake fitowa daga bakinta ba. Yanzu in Zuma ta ɗauki tsintsiya, Mama ce ke daka mata tsawa: "Kin karya? Zauna ki ci, kada ki ja mini magana!"

Haƙurin Zuma ya biya ta, ta kuma koyi cewa ba a wasa da rai don a burge masu gori. Mu kuma sai mu kiyaye: in ba mu san ciwon mutum ba, mu tambaye shi kafin mu yanke masa hukunci, kada sunan da muka laƙaba masa ya zama sandar korarsa. Har yau in ka buɗe jakar Mama, ƙarƙashin carbi da tabarau, za ka tarar da alawa cike da leda, kuma ko jikokinta ba ta bari su taɓa.