Injin da Ya Ƙi Magana

Ranar da Huda ta fara shiga ɗakin hoton ƙirji na wani ƙaramin asibiti a Gure, ta tarar da Muktar yana dukan gefen wani tsohon ordinata, wato kwamfuta, da tafin hannu.

"Duka ba ya gyara shi," ta ce.

Ya juyo a fusace, da suka haɗa ido sai ya manta abin da zai ce. Shi ne mai ɗaukar hoton marasa lafiya, kuma sati uku ke nan injin da ke karɓar hotunan yana sumewa da zarar an danna na'urar hoton. Allon ya yi shuɗi, shi ke nan. Masu tari daga Kelle da Bune sai a tura su Damagaram, wasu su koma gida ba su je ba. Ita kuwa karatun ordinata ta gama, shugaban asibitin ne ya roƙe ta ta duba.

"Na'urar hoton nan ba ta aiki da kowane inji sai wannan," ta ce. "Dole mu kama shi daidai lokacin da yake faɗuwa. Zan haɗa shi da nawa ta waya, in sa diboga. Shi ne ke tsayar da zuciyar sistem, ya nuna abin da take yi."

Faɗi ya fi aiki sauƙi. Diboga ɗin da ke nata injin bai san furosesa, wato ƙwaƙwalwar wannan tsohon inji, ba. Kwana huɗu tana sauke tsohon samfurin diboga ɗin daga intanet, rezo yana yankewa. Ta ƙara layi a fayil ɗin tayar da injin, ta daidaita saurin ɓangarorin biyu a 115200, ta sauya ƙofar waya daga ta ɗaya zuwa ta biyu. Allonta dai abu ɗaya yake cewa: ana jiran haɗi. Sau biyu kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke suna tsaka da gwaji.

"Wallahi na gaji!" ta ce, ta ture kujera.

Muktar ya miƙa mata ruwa. "Gajiya tana yi miki kyau, Malama."

"Ban tambaye ka ba."

Amma da ta juya baya ta yi murmushi. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Sanyin idona, kada tsohon nan ya sa ki kuka. Taurin kai ne da shi. Gobe za mu tsayar da shi, mu ga abin da ke cikinsa."

Mahaifinta, Malam Burahima, shi ya ga saƙon, don wayar tana kan tabarmarsa. Dama Sha'ibu, mai saida kayan ordinata a kasuwa, wanda ya daɗe yana neman Huda, ya riga ya gaya masa cewa ba aiki ke kai ta asibiti ba.

"Ni ne tsohon? Ni za ku tsayar?"

"Baba, inji ne fa..."

"Rufe mini baki! Kin gama zuwa can."

Ya karɓe wayar. Kwana shida Muktar yana aika saƙo ba amsa, har ya ji a gari ana cewa Sha'ibu zai kai gaisuwa. Ya rubuta na ƙarshe: "In shi kika zaɓa, Allah ya sa alheri. Amma mutane suna jira, Huda."

Wannan ma Malam Burahima ne ya karanta. Washegari ƙanwarsa Fanna ta iso daga Kelle, tari ya ci ƙarfinta, ba ta iya doguwar tafiya zuwa Damagaram. Ya dubi 'yarsa.

"Ɗauko gyalenki. Ina so in ga tsohon da idona."

A kwanakin da ta zauna gida Huda ta gano inda matsalar take. Wayar haɗa injinan biyu da suka samu a kasuwa miƙaƙƙiya ce, bakin wannan inji yana magana cikin bakin wancan maimakon kunnensa. Da suka isa asibiti, a gaban mahaifinta ta fasa kan wayar, ta musanya zare na biyu da na uku. Muktar ya riƙe mata, bai ko ɗaga ido ba.

Aka kunna. Rubutu ya fara zuba a allonta. Muktar ya danna na'urar, injin ya tsaya cak, diboga ya nuna mai laifin: wani ɗan shiri ne na filas, wato ɗan abin ajiyar fayiloli, da aka cusa masa, yana rikici da katin hoto. Ta cire shi. Kafin azahar hoton ƙirjin Gwaggo Fanna ya fito sarai, likita ya rubuta mata magani.

Malam Burahima ya daɗe yana kallon injin, sannan ya dubi Muktar.

"Saƙonka na ƙarshe, ka haƙura da ita amma ba ka haƙura da marasa lafiya ba. Ka turo manyanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Gwaggo Fanna, wadda tari ya sake ta, ita ta fara rangaɗa guɗa. Malam Burahima ya dafa kan 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙurin juna."

Muktar ya amsa da amin har sau uku.