'Yar Tulun Barde

Alewa da goro aka zuba wa Ummu Hani a tafin hannu, amma ji ta yi kamar garwashi aka ɗora mata.

"Na sa ranar Jamilatu ne," in ji matar da ta kawo. "Sati mai zuwa za a ɗaura."

"Sati mai zuwa? Kafin Ranar Barde?"

"Kafin Ranar Barde mana. Wai angon ne ke sauri."

Ango dai ba ya sauri, bawan Allah ko fentin ɗaki bai gama ba. Kowa a gidan ya san mai saurin. Ummu Hani ta zube alewar a kan tabarma, ta shige ɗaki ta turo ƙofa, sannan ta bari hawayen suka zubo.

Duk wanda ya taso a wannan yanki na Karaye ya san gidan Barde Sulle, jarumin da tsofaffi ke cewa shi ya tare mahara a bakin tsohuwar ƙofa, a daidai ranar da ta zagayo ta haihuwarsa, bayan yankan gero. Ana cikin gumurzu ƙishirwa ta kusa kayar da shi, sai 'yarsa budurwa ta ɗauko tulu daga rijiya ta ratsa ta kai masa. Shi ya sa duk shekara idan ranar ta zo ake saukar Alƙur'ani, a yi masa addu'a, a yi kiɗa da kokawa, sannan 'yar gidan da ba ta taɓa aure ba ta ɗauki tulu daga rijiyar zuwa ƙofa, babban gidan ya sha a madadin Barde. Kuma 'yar tulu ba ta aure sai ta samu wadda za ta miƙa wa gammo. Liman ya sha faɗa cewa wannan al'ada ce ba addini ba, dattawan gidan su ce gaskiya ne, Allah gafarta Malam, su koma gida su ci gaba da abinsu.

Ummu Hani tana aji uku a sakandare aka ɗora mata tulun. A lokacin har daɗi ta ji, ga sabon leshi ga masu ɗaukar hoto. Ta gama makaranta, ta yi kwalejin ilimi, ta fara koyarwa a firamare, ƙawayenta suka yi aure har suna goyon na uku, ita tana nan da tulu. Bana ne Jamilatu, 'yar ƙanin babanta, za ta karɓa. Har rantsuwa Jamilatun ta yi mata. Ashe ita da uwarta sun daɗe da gama lissafinsu. Yarinyar da ke bin Jamilatu kuwa, Saudatu, yanzu take famfara.

Ba ta gama share ido ba aka buɗe ƙofar ba sallama. Mutum ɗaya ce ke haka a gidan: Gwaggo Munawwara, yayar babanta, mace mai kaifin harshe da ciwon gwiwa. Ita ta ɗauki tulun nan a zamaninta har furfura ta fara leƙo mata, kuma ba ta taɓa aure ba. Tun daga nan ta zama mai gadin al'adar, ita ke wanke tulun, ita ke naɗa gammo, ita ke zagin duk wanda ya kuskura ya kira abin wahala.

"Kukan me kike yi? Mutuwa aka yi?"

"Gwaggo, Awaisu fa... na ce masa bana."

"To sai ki ce masa baɗi. Ni na ɗauka, ga ni ban mutu ba."

Ta juya tana jan ƙafa. Ummu Hani ta bi bayanta da kallo, tsoro ya kama ta, don ba Gwaggo take gani ba, kanta take gani.

Awaisu malamin dabbobi ne, ɗan Rogo Sabon Gari, daga gidan masu shanu. A kasuwar Karaye suka haɗu, ranar da tunkiyar babanta ta kumbura aka aike ta nemo mai allura. Ya yi wa tunkiya allura ta miƙe, shi kuma ya kasa daina zuwa duba lafiyarta, har aka sayar da ita yana zuwa. Mutum ne mai sanyin magana, mai yawan dariya, kuma ya yi jiran da ba kowane namiji zai yi ba. Mahaifiyarsa ce ta gaji. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, tsufa ya kama ta, tana son ganin jika. Ga kuma Siddiqa, 'yar ƙanwarta ta Jajaye, wadda ba ta rabuwa da gidan: yau ta kawo fura, gobe ta zo yi wa Inna kitso, tana tsefe kai tana tsefe zance. Ita ta fara kai labarin auren Jamilatu Rogo, tun kafin alewar ta gama zaga Karaye, ta ƙara da cewa ai 'yan tulu ba sa aure, a je a ga tuzuruwar da ke gidan.

Da la'asar ɗin Juma'a Awaisu ya zo. Ya kafe babur a ƙofar gida, suka zauna a soro, shi a kan benci ita a bakin tabarma. Suka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi 'yan makaranta, ta tambayi Inna da shanu. Gaisuwar ta yi tsawo fiye da kullum, don babu mai son ta ƙare.

Shi ya fara. Ya ce Inna ta yanke magana: idan Ranar Barde ta wuce ba a ba shi izinin turo magabata ba, za ta aika da goro Jajaye. Ya roƙe ta, ya sa kawunsa ya roƙe ta, ta ce idan ya sake tayar da zancen ba ta yafe ba. Ya ce ya je wajen Malam Abdulmutalib, baban Ummu Hani kuma babban gidan, ya durƙusa, Malam ya daɗe yana jan carbi sannan ya ce shi ma gadon abin ya yi, ba shi da ikon warware shi.

"Hanina, faɗa min abin da zan yi. Ko me kika ce shi zan yi."

Da safiyar wannan rana, Jamilatu ta raɗa mata wata dabara, tana dariya, lalle a hannunta: ta saki tulun a tsakiyar hanya ya fashe, ai wadda ta fasa ba a sake ɗora mata. Ummu Hani ta yini tana juya maganar. Amma duk sanda ta rufe ido sai ta ga babanta tsaye a bakin ƙofa cikin farar riga, hannu a miƙe, gari duka yana kallonsa. Ba za ta iya ba. Ta san ba za ta iya ba.

"Yaya Awaisu..." Ta kafa ido a kan tabarma. "Ka bi maganar Inna. Ka auri Siddiqa."

"Ke kike faɗa min haka?"

"Saudatu ko karatun sallah ba ta gama iyawa ba. Kafin ta isa ɗaukar tulu mun tsufa ni da kai. Ba zan raba ka da albarkar mahaifiyarka ba. Ka je, na yafe maka."

Da ya miƙe, idanunsa sun yi ja. Ya ce zai zo Ranar Barde, ko daga nesa ne ya gan ta, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ta ji tashin babur ɗinsa har ya ɓace. Ba ta lura ba cewa tagar ɗakin Gwaggo, wadda ke kallon soron, a buɗe take.

Aka sha bikin Jamilatu, Ummu Hani ta yi ankon, ta raba abinci, ta yi murmushin da ake bukata. Tun daga Juma'ar nan Gwaggo ta rage faɗa. Har mutanen gida suka fara tambaya ko jikin ne.

Ranar Barde ta zo da hayaniyarta. Tun da hantsi aka kafa rumfuna, lasifika na ta gwaji, masu rake da masu waina sun kama gefen titi, motoci daga Rogo da Kano suna sauke mutane. Bayan saukar Alƙur'ani aka fito da tsohuwar rigar layun Barde aka ɗaga, mafarauta suka saki bindigogin toka, yara suka watse da ihu suka sake dawowa. Manyan baƙi suka yi jawabi, kowa ya ce ba zai tsawaita ba kuma ya tsawaita. Ummu Hani ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Tana tsaye a bakin rijiya cikin farin mayafi, mata sun kewaye ta, an cika tulu an ajiye a gabanta. Can bayan 'yan kalangu, kusa da wata bishiyar darbejiya, ta hango Awaisu ya harɗe hannu a ƙirji. Ta yi saurin sunkuyar da kai.

Gwaggo ta matso da gammo a hannu, kamar kowace shekara. Ummu Hani ta rusuna ta miƙa kai. Ta jira. Gammon bai sauka ba.

"Na ji abin da kika faɗa wa yaron nan," Gwaggo ta ce a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji. "Ni ma haka na faɗa wa Ashiru tela, a soron nan, a kan bencin nan."

Ummu Hani ta ɗago.

"Kuma ya ji maganata."

Bara aka yi rasuwar Ashiru tela. Ummu Hani ta tuna yadda Gwaggo ta rufe kanta a ɗaki a lokacin ta ce zazzaɓi ne, har ita ce ta sayo mata magani.

Gwaggo ta gyara ɗaurin zani, ta ɗora gammon a nata kan.

"Ku ɗora min."

Mata suka tsaya cirko-cirko. Baban Jamilatu ya kutso yana cewa wannan wace irin magana ce, Yaya, a gaban baƙi, tulun nan na 'yan mata ne. Gwaggo ta dube shi irin duban da take masa tun yana yawo ba wando. Ta tambaye shi ko ita ba 'yar gidan ba ce. Ya ce 'yar gida ce. Ta tambaye shi ko ya taɓa cin goron ɗaurin aurenta. Ya kau da kai.

"To ka matsa. 'Yarka ta gudu ban ce komai ba. Wannan kuma ni na sallame ta."

Ba wanda ya motsa, sai Ummu Hani ta durƙusa ta kama tulun. Ta ce, "Gwaggo, gwiwarki..." Gwaggo ta ce gwiwar tata ce ko ta wani? Suka ɗaga tare da wata mata, tulun ya zauna daram, kamar jiya ta sauke shi.

Tafiyar da Ummu Hani ke yi kafin a gama waƙa ɗaya, ranar sai da 'yan kalangu suka sassauta kiɗa suka sake sassautawa. Gwaggo na jan ƙafa, gumi na bin wuyanta, amma ko ɗigo bai zuba ba. Da farko mutane dariya suka fara, suna tambayar juna ko 'yan matan gidan Barde sun ƙare ne. Sai tsofaffin da suka san ta tana budurwa suka fara miƙewa daga kujerunsu, ɗaya bayan ɗaya, dariyar ta mutu. Ummu Hani na biye da ita a baya, kanta ba komai, iska na taɓa shi, tana kuka ba ta ko ɓoyewa.

A bakin tsohuwar ƙofa Malam Abdulmutalib na tsaye cikin farar riga. Da ya gane wadda ke tafe, sai carbin ya tsaya a hannunsa. Yana yaro aka fara ɗora wa yayarsa tulun nan, yana gani ta tsufa a gidan, bai taɓa tambayar ta komai ba. Ya tako da kansa ya tare ta, abin da babban gida bai taɓa yi ba, ya sauke mata, ya tsiyaya a ƙoƙo ya sha, hawaye na gangara cikin gemunsa.

"Yaya Munawwara, ki yafe mana."

"Sha ruwanka, ana kallonmu," in ji ta. Sannan ta waiga ta yafito Awaisu, wanda ya ratso taron bai ma san ya ratso ba. Ya zube a gabanta. "Kai ne mai allurar tumaki? Ka je ka gaya wa mahaifiyarka ta juya akalar goronta. Ku turo da wuri, kafin gwiwoyin nan su canza shawara."

Malam Abdulmutalib ya gyaɗa kai. Awaisu ya kalli Ummu Hani, ita ma ta kalle shi, a gaban kowa, ba ta sunkuyar da kai ba.

Da yamma, ana jiyo sowar 'yan kallon kokawa daga filin makaranta, Ummu Hani na zaune a ɗakin Gwaggo tana shafa mata man zafi. Gwiwoyin sun kumbura sun yi sumul. Gammon ya koma rataye a ƙusar da ya bari tun kafin a haifi Ummu Hani. Farin ciki ya cika ta, kunya kuma ta hana ta sakewa, don ta san a kan waɗannan gwiwoyin aka sayo mata shi.

"Gwaggo, kafin Saudatu ta girma fa da saura. Duk shekara haka za ki yi ta yi?"

A waje aka ji tsayuwar babur, sai ga sallamar Awaisu daga soro. Gwaggo ta janye ƙafarta, ta karɓe kwalbar man daga hannunta.

"Ni ba wanda ke jirana, 'yar nan," ta ce. "Ke ake jira. Tashi ki je."