Fashin Tsakar Rana a Kan Kwano

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai sai uwarsa ta haifi wani!"

Ƙarfe sha biyu da rabi na rana ne. 'Yan sa-kai tara suna zaune a inuwar ɗakin shan magani na unguwa, kowa da kwanon abincinsa. Kafin ƙiftawar ido sun zube ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, Tela, ya kwanta da cokali a bakinsa. Mutum uku ne suka diro daga wata farar motar ɗaukar kaya, na huɗu yana zaune a sitiyari. Na gaban, wani ƙato mai ƙaramar bindiga, shi suke kira Oga.

"Wace ce Injiniya a nan?"

Ta miƙe tana karkaɗe wandon aikinta. Shekara biyar ta yi a jami'a tana karatun lantarki, ta dawo unguwar da ta haife ta, inda wuta ke zuwa kamar baƙon da aka ɓata wa rai. Wata goma sha huɗu ita da mutanen nan suna aikin Asabar kyauta, har suka jera farantan sola ashirin da huɗu a saman ginin. Gidaje arba'in ke shan wutar. Akwai kuma firji a cikin ɗakin, cike da allurar masu ciwon suga, har da ta Innarta.

"Ke ce? 'Yar wannan?" Oga ya kece da dariya. "Dogo, Ƙwaro, ku ga injiniyar!"

"Ka ganta. Me kake so?"

"Farantan nan. Duka. Ke za ki kwance mana."

Suka ƙwace wayoyi, suka tura mutum takwas cikin sito suka danna kwaɗo. Dogo da Ƙwaro suka kinkimo batura huɗu suka zuba a mota. Ƙwaro sai baki yake, kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Oga, ban gaya maka ba? Asabar uku ina leƙen su. Da sha ɗaya ta yi sai su sauko, su kulle tsani, su baje a inuwa har ƙarfe uku. Malalata ne wallahi! Saman nan ko kare babu."

Injiniya ta dubi ƙafafunsu. Silifas. Dukansu uku, silifas na roba. Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata.

"Sai na kashe babban makunni tukun," ta ce. "In ka taɓa wayar nan da wuta a cikinta, rana tana tsaka, ko gawarka ba za a gane ba."

"Kashe! Yi sauri!"

Ta kama makunnin. Hannunta ya ɗan tsaya. In ta ja shi, firjin zai mutu, kuma sanyinsa ba ya wuce awa uku a wannan zafi. Ta ja. Ƙarar firjin ta ɗauke ɗif.

Makullin tsani yana wuyan Tela a cikin sito, Oga kuma ba shi da lokaci. Ya sa Direba ya manna motar da bango. Suka taka saman motar, suka kama bakin rufi, suka haye ɗaya bayan ɗaya, Injiniya a tsakiya.

Minti biyu na farko lafiya lau.

"Kai!" Dogo ya ɗaga ƙafa. "Oga, silifas ɗina na narkewa!"

"Rufe mana baki. Malama, kwance!"

Ta durƙusa da takalminta mai kauri da safar hannu, ta ɗora sifana a kan noti na farko. Noti takwas ne a kowane faranti, kuma ita ce ta ɗaure su da hannunta. Ta fara juyawa a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Wai ba za ki yi sauri ba?"

"Ka karɓa ka yi mana."

Ƙwaro ya fizge sifanar. Ya dafa kwanon rufin da tafin hannu don ya durƙusa.

"Wayyo Allah! Wayyo hannuna!"

"Asabar uku kana leƙe," ta ce tana karɓar sifanarta, "ba ka taɓa tambayar abin da ke sauko da mu ba?"

Zafi na dukan su ta sama, kwano na gasa su ta ƙasa. Gumi ya shiga idon Oga. Su ukun suka kama rawa, wannan ƙafa sama, waccan ƙasa, ba ganga ba mawaƙi. Faranti ɗaya ya kwance, Dogo ya rungume shi ya sake shi da ihu, gilashin ya tsage gida biyu. Nan ne dariyar Injiniya ta ɗan tsaya. Wata biyu ita da mutanenta suka yi suna neman farantin nan.

"Cire takalminki!" Oga ya daka mata tsawa. "Da safar hannun!"

Ta dube shi ido cikin ido. Bakin bindiga na kallon ƙirjinta. Ta kwance igiyar takalmin, ta tura masa. Ta tsaya da 'yar safar ƙafa a kan kwano. Zafin ya ratsa ta har tsakiyar ka. Ta haɗiye shi. Ko da za ta mutu, ba za ta yi rawa a gaban wannan ba.

Oga ya ajiye bindigar a kan kwano, ya kama kokawa da takalmin. Ƙafarsa kamar faranti, takalmi lamba talatin da bakwai. Yatsu uku ne suka shiga.

A ƙasa kuwa, fanka ta tsaya a gidaje arba'in a lokaci ɗaya, da tsakar rana, jarirai na barci. Goggo mai niƙa ce ta fara fitowa, gari har gira.

"Ina 'yar nan? Wane ɗan banza ne ya kashe wuta ina tsakiyar niƙan mutane?"

Bayanta mai kitso, da matar da aka yi wa rabin kai. Bayansu mai aski da almakashi, mai sayar da ƙanƙara, masu jego, tsofaffi da sanduna. Ba wanda ya san da fashi. Masifa kawai suka zo yi. Sai suka ji ana dukan ƙofar sito daga ciki, Tela na kururuwa: "Ɓarayi! Ɓarayi a sama!"

Direba ya leƙa madubi. Lungu ya cika maƙil. Ya dubi batura huɗu a bayansa, ya dubi sama.

"Direba!" Oga ya ƙwala. "Kar ka kuskura! Direba, ɗan uwana ne kai!"

Mota ta yi ƙara, ta kwashe kwandon wata mai kayan miya, ta sha kwana. Ƙura kawai ta bari.

Bangon nan ya fi tsayin mutum biyu, ƙasa kuma siminti ne.

"Ya ware da kayan!" Ƙwaro ya ɗora hannu a ka. "Oga, ya yashe mu!"

"Ku kawo tsani ko in fasa kanta!" Oga ya wawuro bindigar da ta yi minti goma tana gasuwa a kan kwano. "Wash!" Ya yarfe hannu. Bindiga ta sulale ƙararar, ta bi gangaren rufi, ta faɗa gaban Goggo. Goggo ta kifa mata kwanon niƙa ta zauna a kai.

Unguwa ta ɗauki shewa.

"A ƙara musu wuta!"

"Ku juya ɗaya gefen, bai gasu ba!"

Dogo ya rufe ido ya yi tsalle. Ƙarar karyewar ƙafarsa har sama aka ji ta. Shewar ta ɗan lafa. Daga nan ba wanda ya sake gwadawa.

Oga ya juyo. Idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun bushe. Yana iya turo ta ƙasa, ta sani, shi ma ya sani. Ta ɗaga sifana ta riƙe da hannu biyu. Tafin ƙafarta ya daina zafi, ya koma wani abu da ba ta san sunansa ba.

"Matso," ta ce. "Wallahi matso."

Bai matso ba. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa, ya tsuguna a kai kamar kaza.

"Malama... don girman Allah, ki ce su kawo ruwa."

'Yan sanda sun iso bayan minti arba'in, motarsu ta kasa shiga lungu, suka ƙaraso a ƙafa suna haki. Sajan ya ɗaga kai, ya cire hula ya yi fifita.

"Su wa za mu kama, su wa za mu ceta?"

Aka fasa kwaɗon sito, Tela ya kawo tsani. Oga da Ƙwaro suka riƙa rige-rigen sauka, suna miƙa hannu a sa musu ankwa. Injiniya ce ta ƙarshe. Ba ta sauko ba sai da ta raba wayar fasasshen farantin da sauran, ta haɗa layin. A matakalar ƙarshe ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta. Goggo ta goya ta kamar jaririya.

"Asibiti!" in ji Sajan.

"Makunni tukun. Goggo, kai ni ciki."

Daga bayan Goggo ta miƙa hannu ta tura shi sama. Firji ya yi tari, ya kama gurnani. Ta buɗe, ta taɓa kwalba ɗaya da bayan hannu. Da sauran sanyi. Sai a lokacin ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na wanne ba ne.

Ba a sake ganin Direba ba, haka ma batura huɗun. Wata biyar unguwar ta yi tana samun wuta da rana kawai, da yamma mai ƙanƙara ya riƙa kwashe alluran yana kwana da su a cikin akwatinsa. Dogo ya tafi gidan yari da sanda, kuma da ita zai ƙare rayuwarsa. Injiniya ta yi sati shida ba ta taka ƙasa ba. Fatar tafin ƙafarta ta saɓule gaba ɗaya, sabuwar da ta fito ba ta jure doguwar tsayuwa har yau.

Ranar da aka fara canza mata bandeji, Inna ta ga ciwon ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

"Ke dai taurin kai kamar ubanki. Gilashi ne fa da ƙarfe! Da kin ba su kin huta."

"Ai na ba su, Inna," ta ce. "Su ne suka kasa ɗauka."