Manhajar da Yaya Ya Kulle

Dab da magariba matar marigayi yayansa ta miƙa wa Injiniya makullin shagon buga takardu.

"Kwamfutar ta daina buɗe takardun mutane," in ji ta. "In ba ta gyaru ba, rufe shagon zan yi."

Da haushi ya shiga. Shekara shida yana roƙon yayansa ya bari a sabunta manhajojin kwamfutar nan, na kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsu ya gyara. Amma mutumin nan har ya koma ga Allah bai yarda ƙaninsa ya taɓa ko maɓalli ɗaya ba, sai ka ce ɓarawo.

Shagon na warin tawada da tsohuwar takarda. Ya ba da umarnin sabuntawa, layuka suka fara gudu a baƙin allo. Manhaja ɗari huɗu suka wuce, ɗaya ta cije. Da hannu aka kulle ta, an bar rubutu a gefe: "Kada a taɓa. Ba tamu ba ce."

Ya ja dogon tsaki. "Har kana kabari sai ka raina ni, Yaya?"

Ya cire kullen. Kwamfutar ta tambaya ko ya tabbata. Bai tsaya karanta sauran ba, ya danna amincewa yadda ya saba.

Fanka ta tsaya cak. Ƙaurin gashi ya cika ɗakin.

Maɓallan suka fara nutsewa da kansu. Ƙas. Ƙas. Rubutu ya fito:

"Da yayanka muka yi alkawari. Ya bar mana manhajar nan, ɗakinmu, mu bar masa ƙaninsa."

Kujerar bayansa ta yi ƙara. An zauna.

Ya kai hannu zai zare wayar wutar kwamfutar. Wani abu mai sanyi ya kama yatsansa, ya murɗe.

Numfashi a ƙeyarsa.

Da hagu ya lalubi maɓallan, ya soke umarnin, ya mayar da kullen. Aka sake shi.

Da rarrafe ya fita.

Washegari da rana tsaka ya ƙarasa aikin. Takardu suka buɗe, shago bai rufe ba. Yatsan kuwa har yau ba ya lanƙwasuwa.

"Me ya sa ka bar manhaja guda ɗaya ba ka sabunta ba?" matar ta tambaya.

"A bar ta kawai, Anti."

Haushin yayansa bai sake shi ba, ƙaruwa ma ya yi. Shekara shida mutumin nan yana tsaye tsakanin Injiniya da masu ɗakin, ya gwammace ƙaninsa ya tsane shi da ya buɗe baki ya faɗa masa.