Warin Laka a Tsakiyar Teku

Da yayanta Jabir ya nutse a kogin Yawuri, ko zaman makoki Saudat ba ta samu zuwa ba, don tana karatu a ƙasar waje, a birnin Guangzhou. Shi ne ƙawayenta na jami'a suka ja ta yawon tsibirai a jirgin ruwa, wai ko za ta sake.

Bayan magariba, fitilun Guangzhou sun ɓace, ta jingina da ƙarfen bakin jirgi tana kuka ita kaɗai.

"Auta, matso tsakiya," wani ya ce a bayanta. "Kin san ba ki iya ruwa ba."

Ruwa mai ɗumi ya gangaro ƙarƙashin takalminta. Ba gishiri ta shaƙa ba, warin lakar kogi ne.

Ta kasa waiwayawa. "Yaya, ka yafe mini, ban zo ba."

"Ke dai matso tukuna."