Kwalbar da Ta Bi Fijo

Ƙarfe biyun ranar Laraba aka kai rahoton sace mota a garin McLeansville, can ƙasar waje. Da aka ji mai ƙarar Bahaushe ne, sai aka miƙa wa Sufeto Hanifa Sanda fayil ɗin.

Ta tarar da mai ƙarar, Baba Nicodemus, a bakin gareji, ransa a ɓace. Ya je asibiti da safe, ya dawo babu Fijo 404 ɗinsa ƙirar 1967. Ba a fasa ƙofa ba. 'Yarsa Zipporah na gefe, ta yi kuka har idonta ya kumbura, domin ran Asabar ne aurenta.

"Wa kake zargi, Baba?"

"Eric mana, angon! Jiya na ba shi makulli ya wanke ta. In shi ne, babu batun biki."

Sufeto ta leƙa ciki. A kan kanta ta ga zagayen gindin kwalba cikin ƙura, kwalbar kuwa babu, ga kuma mazurari da sauran danshi.

"Me ke ajiye a nan?"

"Maganin fetur. Man da can yana da dalma a ciki, na yanzu babu. In ba a zuba maganin ba, a hankali bawul ke cinye mazauninsa, injin ya lalace."

Abin ya tsaya mata a rai. Shekararta tara a aikin nan, ba ta taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya ba mota magani kafin ya gudu da ita ba.

A ofis Eric ya zauna yana ta gumi, amma bakinsa bai mutu ba.

"Anti, ni fa tsofaffin motoci a hannuna suke. Baba ma ya sani."

"Madalla. Me kake ƙara wa Fijon in ka sha mai?"

Ya ɗaga kai yana kallon rufi. "Iska... a taya?"

Da ƙyar ta danne dariya. Nan take ya amsa cewa wata shida yana cika baki don tsohon ya so shi, alhali ko bonet bai iya buɗewa ba. Maƙaryaci ne, amma ba irin wanda take nema ba.

Saura mutum ɗaya da ya san sirrin injin: Malam Issaka, bakaniken Baba, ɗan Nijar mai gareji a East Greensboro. Can ta nufa.

"Wallahi rabona da gidan Baba wata guda," in ji Issaka, yana goge hannu da tsumma. "Ku matsa wa yaron nan."

"Za mu matsa. Motar ce dai nake tausayi." Ta juya kamar za ta tafi. "Baba ya ce maganin ya ƙare tun tuni. Ruwan batir ya ɗura a kwalbar."

Tsumman ya faɗi.

"Ruwan batir? Murfi biyu na zuba mata!"

Ya zabura zuwa bayan gareji ya yaye tamfol. Ga Fijo tana sheƙi. Yana laluben tiyon zuƙe mai, Sufeto ta tare shi.

"Da wane makulli ka shiga?"

"Na yanka nawa tun bara." Ya zauna daɓas a kan taya. "Shekara sha biyu ina jinyar motar nan, Sufeto. Sai jiya Baba ya ce min zai ba Eric ita kyautar aure. Eric! Kafin shekara ya kashe ta."

"Shi ne ka bari a ɗora masa sata, auren yarinya ya mutu?"

Ya sunkuyar da kai. Sai da ankwa ta shiga hannunsa ya ɗago. "Don Allah, da gaske ruwan batir ne?"

"A'a. Magani ne, lafiyarsa ƙalau."

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya shiga motar 'yan sanda da ƙafarsa.

Sufeto ta kira Zipporah. "Ba Eric ba ne. Ki ci gaba da shirinki."

Ihun murna ya cika wayar, sai kuma muryar Baba. "'Yata, to wane ne?"

"Malam Issaka."

Tausayin tsohon ya kama ta.

"Shi fa na roƙa ya tuƙa amarya ran Asabar," in ji Baba.