Munduwar Da Ba A Taka Da Ita Ba

Abin da rafi ya tono bayan ruwan sama, Mai Rariya ke fara ganinsa. Da ambaliya ta janye zai saɓi shebur da rariya ya bi gaɓa, yana duba inda ƙasa ta zaftare, ya dawo da buhu yana ɗigar laka. Amma sanin abin da ke cikin buhun aikin matarsa ne. Maman Jela ke baje kayan a tsakar gida, ga robar ruwa, ga toka, ga lemun tsami da tsohon buroshin haƙori. Ita ta san tagulla kore take yi in ta tsufa, azurfa ta yi baƙi, ƙarfe kuwa tsatsa ta cinye shi. In ta leƙa hudar dutsen wuya ta ga zare ya ci bakin, sai ta ce, "Wannan an daɗe ana sawa." Har masu kayan takan gane daga inda abin ya siɗe. Dillalin kasuwa yana saye, su kuma suna ci, ba a ƙoshi ba, ba a kwana da yunwa ba.

Shi dai tsingaro da kan mashi sun ishe shi. A bakin dillalin ya ji labarin wani boka can inda rafin ya rabu biyu, mai buɗe wa mutum ido ya ga abin da ƙasa ta rufe. Da ya nemi ganinsa, bokan ya aiko cewa a zo da mai wanke kayan. Maman Jela ta bar jaririyarta wurin maƙwabciya ta bi shi, ba don ta yarda ba. Ta san mijinta ne: in an gindaya masa sharaɗi, rabi yake kawowa gida.

Rana tsaka suka isa, amma cikin bukkar duhu ne mai danshi. An kafa ta a ƙarƙashin saiwoyin wata bishiya da ruwa ya kayar. Ƙasan laka ce mai sanyi, ga fasassun tukwane an kife su a jere, ga warin gashi da aka ƙona. A tsakiya akwai tsibin mundaye da zobba da duwatsun wuya, irin waɗanda ko a mafarki mijinta bai taɓa tonowa ba. Idonsa na kan tsibin. Nata idon na kan bokan. Tsoho ne ramamme, ba zobe ko ɗaya a jikinsa, ba laya, ba guru. Da zai matsar da wata munduwa daga gabansa, da awartaki ya ɗauke ta.

"Ranka ya daɗe, na gaji da tsintar shara," in ji Mai Rariya. "Manya nake so."

"Manyan suna nan. Za ka gan su ta cikin ƙasa kamar kana kallon gindin kwano." Bokan ya yi tari. "Sharaɗin bai kai ya kawo ba. Duk abin sawa da ka tono, a ranar ka saka wa wani mai ci daga tukunyarka, ya wuni da shi. Rana na faɗuwa ka cire, ka sayar."

"Shi ke nan?"

"Don me za a saka?" Maman Jela ce ta tambaya.

"Kayan sun daɗe a sanyi, uwar gida. Ɗumi suke so."

"In ɗumi ne ina da murhu."

Mijinta ya zungure ta da gwiwar hannu. Bokan ya yi dariya ba sauti.

"In kuma ba a sami wanda zai saka ba fa?" ta ƙara.

"Mai abu ya san hannun da ya tono shi."

"To, Baba, kai da kake zaune a kan tsibinsu, me ya hana ka saka ko ɗaya?"

Bokan ya juya ga mijinta. Ya niƙa wani ƙashi da laka a kan dutse, ya tsaga yatsan Mai Rariya ya ɗiga jinin a ciki, ya shafa masa a ido kamar kwalli. Mutumin ya yi ta hawaye baƙi. A hanyar gida ta tsaya ta dube shi.

"Baban Jela, ka ji ni da kyau. Zan wanke maka kaya, don sana'ata ce. Amma ko allura ka tono, ba a jikina ba, ba a jikin 'yata ba."

"Ke dai kin fiye kafiya," ya ce, yana kallon gaɓar rafi da sabon idonsa.

Kafin damina ta wuce ya bar ɗakin hayar da suke ciki, ya sayi gida mai bene. Dillalai daga nesa suka riƙa sallama. Wani abin da ya ba unguwa mamaki shi ne kyautarsa. Ya ɗauko mahaifiyarsa, Iya. Ya ɗauko ƙanensa tela, ya buɗe masa shago a ƙofar gida. Ya aika wa gwaggonsa mota ta ɗauko ta. Tukunya ta ƙara girma, kowa na cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka, bai manta da danginsa ba.

Iya ce ta fara. Wata munduwar azurfa ce mai nauyi. Da Maman Jela ta goge ta, ta ga cikin ya fi cinyewa ta gefe guda, ta ce a ranta mai wannan bahaguwa ce. Iya ta wuni da ita tana ɗaga hannu kowa ya gani. "Yau ɗana ya yi mini ado," take cewa. Ba a jima ba Iya ta fara cin abinci da hagu. Aka yi mata magana, ta dubi hannun kamar na wani. Daga nan ta daina amsa sunanta. Takan zauna a bakin ƙofa tana kiran waɗansu yara da ba wanda ya san su, da wani harshe da ba wanda ya taɓa ji.

Gwaggo ta wuni da munduwar ƙafa wadda gindinta ya goge saboda jan ta a ƙasa. Maman Jela da kanta ta ce mai ita gurguwa ce. Da ta ga Gwaggo na hawa bene tana jan ƙafar dama, buroshi ya faɗi daga hannunta.

Ta sami mijinta a falo yana auna wani zobe.

"Mutanen da nake gani a jikin kayan nan, su nake gani a tsakar gidana," ta ce. "Ba ɗumi suke so ba. Gida suke so. Kana fitar da su daga ƙarfe kana zuba su cikin danginka, ka sayar da ƙarfen wayam."

"Tsufa ne ke damun Iya. Gwaggo kuwa sanyin ƙashi."

"Zoben nan fa? Na wa ne?"

Na tela ne. Zobe ne mai faɗi irin na maharba, wanda tsarkiyar baka ta yi wa gurbi. Ta ƙi wanke shi, ta kife robarta, ba ta sake taɓa buroshi ba. Ta je shago ta roƙi telan kada ya saka. Ya yi dariya. "Matar Yaya, kishi kike don ba a ba ki ba?" Daga baya sai da aka ɗaure shi da igiya, saboda yana laɓewa bayan keken ɗinki yana ɗana kibiyar da ba wanda ke gani, har ya soki wani mai kawo ɗinki da almakashi.

An tsinci Iya wata safiya a gaɓar rafi, kwance a cikin ramin da ɗanta ya haƙa, ta naɗe jiki, ba rai. Gwaggo ta bi ta ba da daɗewa ba. Sauran dangi suka tattara nasu ya nasu, suka tafi da telan. Tukunyar da ake ɗorawa da mutum biyu ta koma 'yar ƙarama. Saura mutum uku a gidan bene.

Maman Jela ta riga ta ɗaure kayanta, tana jiran ranar da motar garinsu ke tashi. Jela ta fara dafa bango tana miƙewa. Ran nan da hantsi uwar na shanya, yarinyar na riƙe da zanenta kamar kullum, sai ga Mai Rariya ya shigo, laka har gwiwa. Ya kulle ƙofar gida ya sa makulli a aljihu. Ya buɗe hankici.

"Dube ta kawai. Ban ce ki wanke ba."

Ta duba daga inda take. 'Yar munduwar ƙafa ce ta zinariya, da ƙananan ƙararrawa, faɗinta bai wuce yatsu uku ba. Ruwa ya riga ya wanke cikinta. Sawun zarton maƙeri na nan raɗau, ba inda ya goge.

"Ta jariri ce," ta ce. "Ba a taka da ita ba. Mai ita bai fara tafiya ba aka rufe shi da abarsa."

"To kin gani. Jariri ne, bai san komai ba, ba shi da mugunta. Wuni ɗaya ne, Maman Jela. Ita ce ta ƙarshe, na rantse. Abin da za a ba ni a kanta zai riƙe yarinyar nan har jikokinta."

"Wace yarinya? Wadda za ta kwanta ta daina sanina?"

"Na riga na tono ta. Kin ji abin da tsohon ya ce. So kike ya dawo kaina?"

"Da ka gan ta a cikin ƙasa, ka ga girmanta. Ka san ƙafa ɗaya ce a gidan nan za ta shiga. Ka sa shebur duk da haka."

Ya dubi munduwar. Ƙararrawar na kaɗawa a tafinsa, alhali hannun ba ya motsi.

Ta sunkuya ta ɗauki Jela, ta goya ta, ta ja majanyi ta ƙulle tam, ta tura ƙafafun yarinyar cikin zane har ba a ganin ko yatsa. Sannan ta ɗauki taɓarya.

"'Yata ce ni ma," ya ce, yana matsowa.

"Iya ma uwarka ce. Buɗe ƙofa."

"Ba inda za ki."

"Zan fita, ko ta ƙofa ko ta kanka. Zaɓi."

Ya kai hannu bayanta. Ta sauke masa taɓarya a gwiwa, ya durƙushe. Ba ta tsaya neman makulli ba, ta doki kwaɗon har ya ɓalle. A titi ta tsaya, maƙwabta sun fito jin ƙara, ta faɗa musu komai da murya a kwance: bukkar, sharaɗin, hannun Iya, ƙafar Gwaggo. "Duk wanda ya ba ku abinci daga gidan nan yau, kada ku ci. Ku riƙe 'ya'yanku." Sannan ta wuce tasha da ƙafa, ba ta waiwaya ba.

Waɗanda suka gani sun ce Mai Rariya ya wuni yana ɗingishi layi layi, kwanon abinci a hannu ɗaya, munduwa a ɗaya, yana kiran yaran mutane. Ƙofofi suka riƙa rufuwa a gabansa. Ya je inda rafi ya rabu, ya tarar ruwa ya share bukkar. Ya koma ramin da ya tono ta ya tura munduwar ya rufe da ƙasa, ya juya zai tafi, ya ji ta tana kaɗawa a aljihunsa. Rana na yin ja yana ta ƙoƙarin cusa ta a yatsunsa.

Masunta ne suka same shi washegari a bakin ruwa, kwance rigingine, yana wutsil-wutsil da ƙafafu, babban yatsa a baki. Ƙato mai gemu, yana kukan jariri. Har yau bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Gidan bene ya tsage daga sama har ƙasa, ba mai saye, ba mai haya, jemagu ne a ciki.

Dattawa sun je har garinsu Maman Jela ba da haƙuri. Suka ce ta dubi Allah ta dawo, mutumin nan sai an ba shi a baki, sai an yi masa wanka, uwa yake nema. Ta saurare su har suka gama. Jela na tsakar gida tana takawa da ƙafafunta, tana faɗuwa tana tashi.

"Ku gafarce ni, iyayena," ta ce. "'Ya ɗaya na haifa."

Masu son a buɗe musu ido su ga dukiyar da ƙasa ta rufe, ku sani ba a biyan boka da aljihu, da mutanen gida ake biya, ɗaya bayan ɗaya, har a zo kan ƙarami. Ke kuma da kike gani ana shigo da arzikin da ba ki san tushensa ba, tambayi abin da aka ce za a bayar, ki sake tambaya. In amsar ta nufo ɗanki, kada ki tsaya jin kunyar kowa. Ɗauki abinki ki fita, ko da ƙofar za ki fasa.